Shaɗaranji, Besbol Da Ƙwallon Kwando: A Bar Mu Mu Yi Wasa Don Wasa

Wata ranar Alhamis da la'asar sakaliya, ina zaune a gindin darbejiyar da ke bayan ofishinmu tare da wani abokin aikina na sashen tarihi, allon shaɗaranji a tsakaninmu, sai ga wani dattijon malami da ya koyar da ni tun ina ajin farko na jami'a ya zo wucewa. Muka miƙe muka gaishe shi. Ya dubi allon, ya dube ni, sannan ya ce, "Dakta, ashe har yanzu kana nan da wannan wasan yaran? Da lokacin da kake zubarwa a nan takardu ka rubuta da shi, ai da tuni an fara kiran ka farfesa." Na rusuna na ce, "Allah Ya ƙara wa Malam lafiya, gaskiya ne." Ba a jayayya da malami a bakin hanya. Sai dai maganar ta bi ni har gida, ta kwana da ni, kuma amsar da ladabi ya hana ni bayarwa a can ita ce nake so in bayar a wannan shafi, da fatan Malam zai yi mini afuwa idan jaridar ta kai hannunsa.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Ni ba gwanin shaɗaranji ba ne, ban ma kama hanyar zama gwani ba. Na fi shekara 20 ina yin wasan, amma har gobe nakan ajiye wazirina a bakin dokin abokin karawata, in koma ina kallon sama kamar mai nazarin wani babban al'amari, sai na ji an kwashe da dariya sannan in gane cewa dara ta ci gida. Akwai wani ma'auni da hukumar wasan ta duniya ta ɗauka tun 1970, wanda wani malamin kimiyya mai suna Arpad Elo ya ƙirƙiro, da ake auna ƙarfin 'yan wasa da shi. Magnus Carlsen na ƙasar Norway ya taɓa kai maki 2882 a 2014, kuma babu wanda ya wuce haka. Ni ban taɓa neman a auna ni ba, domin wanda ya san abin da ke cikin tukunyarsa ba ya gayyatar mutane su buɗe murfi. Ban da wannan kuma, ina bibiyar wasanni biyu na Amurkawa, wato ƙwallon kwando da wani da suke kira besbol, waɗanda ban iya ko ɗaya daga cikinsu ba. Ke nan laifina a wurin Malam ya ninka har uku, shi ɗaya kawai ya gani.

Abin da nake son faɗa bai da yawa. Mu da muka yi boko a wannan yanki namu mun wayi gari ba mu yarda mutum ya yi abu don jin daɗinsa kawai ba. Kowane motsi sai an tambaye ka ribarsa: ko ya kawo kuɗi, ko ya kawo ƙarin girma, ko aƙalla ya zama shaidar cewa kai mai kaifin ƙwaƙwalwa ne. A tawa fahimtar wannan asara ce, kuma shaɗaranji shi ne wasan da ya fi kowanne shan wahala a hannun wannan ɗabi'a, domin an ɗora masa rawanin da bai nema ba.

Tun da sana'ata nazarin harshe ce, mai karatu zai yi mini uzuri in ɗan tsaya a kan sunan. Wasu na cewa "darar Turawa", kuma wannan suna bai yi wa tarihi adalci ba. A ƙasar Indiya wasan ya samo asali, wajen ƙarni na 6 miladiyya, da sunan caturanga, ma'ana rundunar yaƙi mai sassa huɗu: giwaye, dawakai, kekunan yaƙi da dakaru. Farisawa suka karɓa suka ce catrang, Larabawa suka karɓa daga gare su suka ce shaɗranj, mu kuma muka tsince shi a littattafan fiƙihu muka ce shaɗaranji. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa an yi gwanaye irin su As-Suli, wanda ya rasu wajen shekarar 946, tun Turai ba ta san wasan sosai ba. Ta hanyar Andalus da Sisili ya ƙetara musu. Har yau mutanen Sifen suna kiran ɗaya daga cikin 'ya'yan wasan alfil, wato al-fil, giwa ke nan da Larabci, ko da yake Ingilishi sun naɗa ta limamin coci, Faransawa kuma sun mayar da ita wawan sarki. Wazirin da ke tsaye kusa da sarki, wanda a da taku ɗaya tak yake yi, Turawa suka mayar da shi sarauniya, sannan a ƙarshen ƙarni na 15 suka sakar mata mara ta zama mafi ƙarfi a kan allo. A zamanmu na gindin darbejiya mun mayar wa waziri muƙaminsa, giwa ma ta koma giwarta. Hasali ma wasan ba baƙo ba ne a wannan ƙasa, domin a shekarun 1930 jami'an mulkin mallaka irin su C.K. Meek sun rubuta cewa sun tarar da shi a Borno da sunan tsatsarandi. Duk wanda ya saurari kalmar da kyau zai ji shaɗranj a cikinta.

Allon da muke amfani da shi ya tsufa, kuma shekara uku ke nan da baƙin doki ɗaya ya ɓace. Marfin kwalbar lemo muke sawa a madadinsa. Duk lokacin da na koyar da ɗaliban aji biyu darasin Ferdinand de Saussure, uban ilimin harshe na zamani, wanda ɗalibansa suka tattara laccocinsa suka buga a 1916, da wannan marfin nake shiga aji. Saussure ya kwatanta harshe da shaɗaranji: darajar kowane ɗa ba daga icen da aka sassaƙa shi take ba, daga matsayinsa take a tsakanin sauran, ta yadda idan doki ya ɓace kowane tarkace zai iya zama doki muddin 'yan wasa sun amince. Haka kalma take a cikin harshe. Amma ya yi togaciya guda, ya ce kwatancen ya gaza a wuri ɗaya, domin ɗan wasa da niyya yake motsa ɗansa, harshe kuwa sauyawa yake yi ba da niyyar kowa ba. Da Saussure ya ga irin wasana, da ya janye wannan togaciya, don rabin motsin da nake yi ni kaina ban san dalilinsa ba.

Na san wani zai ce ga shi nan, ashe wasan yana da amfani tun da har darasi ake koyarwa da shi. A'a. Misali ne na tsinta a hanya, kuma da ban tsince shi ba da wasan bai ragu da komai a wurina ba.

Besbol kuwa tsautsayi ne ya haɗa mu. A 2016 na yi shekara guda ina bincike a wata jami'a da ke tsakiyar Amurka, kuma maƙwabcina wani tsoho ne da ya yi ritaya daga aikin gidan waya, wanda ba ya rabuwa da rediyo a barandarsa. Da farko na ɗauka labarai yake saurare. Ashe wasan ƙungiyar Chicago Cubs yake bi, kusan kullum, tun daga watan Afrilu har kaka ta shigo. Shi ya zaunar da ni ya warware mini abin. Mutum ɗaya ne ke jefo ƙwallo ƙarama mai tauri daga nisan kimanin mita 18, da gudun da sau da yawa yakan kai kilomita 150 a awa, wani kuma yana tsaye da kulki yana ƙoƙarin dukanta. Idan ya same ta sai ya ruga ya bi ta tashoshi uku ya dawo gida, dawowar ita ce maki. Abin da ya kama hankalina shi ne lissafin gazawa da ke cikin wasan. Wanda ya yi nasarar duka sau 3 cikin 10 gwani ne da ake biya miliyoyin daloli, alhali sau 7 ya koma benci da kulkinsa a kafaɗa. Tun da Ted Williams ya yi 406 cikin 1000 a 1941, babu wanda ya sake kai 400 a kakar wasa guda a manyan rukunonin biyu. Kowace ƙungiya wasa 162 take bugawa a shekara. Ƙungiyar Seattle Mariners da ta ci wasa 116 a 2001, adadin da ba a taɓa wucewa ba, sai da aka doke ta sau 46, kuma a ƙarshe ba ita ta ɗauki kofin ba. Wasan da aka gina a kan haka dole ya koya wa masoyansa su sha kaye da daddare su tashi da safe su ci abincinsu lafiya lau, domin yau ma akwai wani wasan.

Ita kuwa Cubs rabonta da kofin tun 1908. Maƙwabcina ya gaji goyon bayanta daga mahaifinsa, wanda ya rayu ya mutu bai ga nasara ba. A daren 2 ga Nuwamba 2016 suka kara da Cleveland a wasa na bakwai, na yanke hukunci. Aka tashi kunnen doki a lokacin da aka saba tashi, ruwan sama ya tsayar da wasa na minti 17, aka dawo Cubs ta ci 8 da 7. Shekara 108 ke nan. A kwanakin nan mutane sun yi ta zuwa bangon filin wasansu na Wrigley suna rubuta sunayen iyaye da kakanninsu da alli, waɗanda suka yi jira ba su gani ba. Na ga tsohon nan yana share hawaye da bayan hannu, ni ma da ban cika wata bakwai da sanin wasan ba na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Ko sisin kwabo bai samu ba a daren. Ina so wanda ke tambayar riba ya gaya mini a wane shafi na littafin lissafi za a rubuta wannan.

Yanzu da na dawo gida, lokacin da suke wasa mu nan tsakar dare ne, don haka sai bayan sallar asuba nake duba sakamako a waya, kafin a kawo koko. Minti biyar ya ishe ni.

Ƙwallon kwando ba ta buƙatar dogon bayani a wurin mai karatu, don da mu ake damawa a cikinta. Muna samari Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas da ya fara da tsaron gida a ƙwallon ƙafa, ya ɗauki kofin Amurka da Houston Rockets a 1994 da 1995, kuma a watan Fabrairun 1995, yana azumin Ramadan, aka zaɓe shi gwarzon wata. Masai Ujiri, wanda ya jagoranci Toronto Raptors har ta ɗauki kofi a 2019, a Zariya ya tashi. 'Yan matanmu na D'Tigress sun kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik ta Faris a 2024, abin da wata ƙungiyar Afirka, ta maza ko ta mata, ba ta taɓa yi ba. Ni abin da ke burge ni a wasan shi ne agogonsa. A 1950 an taɓa tashi wasa 19 da 18 tsakanin Fort Wayne da Minneapolis, saboda masu rinjaye sun riƙe ƙwallo sun ƙi jefawa, 'yan kallo na hamma. Sai a 1954 aka kafa dokar daƙiƙa 24: ko ka jefa, ko ka miƙa wa abokan hamayya. Na sha raya wa kaina cewa da za a kafa irin wannan agogo a tarukan majalisar tsangaya, da an ga sauyi. Abokin wasana ma, wanda kan yi minti goma yana shafa gemu kafin ya tura dakare taku ɗaya, ya san ra'ayina game da shi.

To, ga inda abin ya daina zama raha a wurina. 'Yata ta biyu ta koyi shaɗaranji a gefen tabarmata tun tana shekara bakwai. Dokinta yakan yi haniniya idan zai yi tsalle, giwarta kuma tana da suna. Bara makarantarsu, wata makarantar kuɗi da ba sai na ambaci sunanta ba, ta aiko da takarda cewa an buɗe darasin shaɗaranji bayan tashi, da kuɗinsa daban, tare da alkawarin cewa zai ƙara wa yara basira ya kuma ɗaga makinsu a lissafi. Na biya, don kada a ce ɗan boko ya hana 'yarsa basira. Kafin zango ya ƙare an ba su jerin buɗe-wasa su haddace, an yi musu jarrabawa, an liƙa sakamako a bango daga na ɗaya har na ƙarshe. Wata rana na ɗauko allo na kira ta, sai ta ce, "Baba, ai yau ba mu da shi." Ya zama darasi ke nan, mai ranarsa da lokacinsa. Doki ya daina haniniya.

Kuma alkawarin da aka sayar mana bai da ƙafafun tsayawa. A Ingila an gwada abin a makarantun firamare 100, aka koya wa rabin yaran shaɗaranji na tsawon awa 30, aka bar sauran, sannan aka duba sakamakonsu na lissafi bayan shekara guda. Rahoton da ya fito a 2016 bai sami wani bambanci tsakaninsu ba. Masana halayyar ɗan Adam irin su Fernand Gobet, wanda shi kansa ƙwararren ɗan wasan ne, sun daɗe suna nuna cewa gwanintar da aka samu a fage ɗaya da wuya take tsallakawa zuwa wani fage na nesa. Abin da shaɗaranji ke koya wa yaro da tabbaci shi ne shaɗaranji. Idan kuwa ana neman hujjar cewa gwaninta a kan allo ba ta gyara wa mutum rayuwa, tarihin Bobby Fischer ya isa: ya doke Boris Spassky a 1972 duniya na kallo, ya ƙi kare kambinsa a 1975, ya ƙare rayuwarsa a keɓe a ƙasar Aisland a 2008, bayan shekaru na maganganun da suka kunyata masoyansa.

Ba na mance da Tunde Onakoya ba, kuma na san za a kawo mini shi. Matashin nan ya kafa shirinsa na koyar da yaran unguwannin marasa galihu na Legas a 2018, ya zauna a dandalin Times Square na birnin New York a Afrilun 2024 ya yi awa 60 yana wasa don tara kuɗin karatun yara, ya koma a 2025 ya yi awa 64. Ina cire masa hula. Amma a ganina abin da ya ceci waɗannan yara shi ne wani babba ya zauna da su a ƙasa, ya san sunayensu, ya sa duniya ta waiwaye su, aka samo musu kuɗin makaranta. Allon ƙofa ce ya buɗe da ita, kuma yaran sun shigo ne don wasan ya yi musu daɗi. Da jarrabawa ya fara yi musu a ƙarƙashin gadar Oshodi, da babu wanda ya dawo washegari.

Akwai kuma maganar da ta fi wannan nauyi, wadda bai kamata in yi kamar ban san da ita ba. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san malaman Malikiyya sun tsananta a kan shaɗaranji, yayin da Shafi'iyya suka sassauta matuƙar babu caca a ciki, bai sa an yi sakaci da salla ba, bai kuma jawo zage-zage ba. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, kuma ban zo yanke hukunci ba, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da na lura da shi kawai shi ne, illolin da aka ji wa tsoro, wato caca da shagala da gaba, sun fi samun wurin zama a inda wasa ya tashi daga wasa ya koma neman riba ko neman suna. A duba abin da shagunan caca suka yi wa kallon ƙwallon ƙafa a garuruwanmu. Yaron da a da yake murna don ƙungiyarsa ta ci, yanzu yana zaune da 'yar takarda a hannu yana zagin ɗan wasan da yake ƙauna saboda ya ci ƙwallo ta uku, shi kuwa biyu ya sa kuɗi a kai. Mu a gindin darbejiya ko goro ba ma sawa, kuma da ladan ya kira magariba ake kwashe 'ya'ya, ko da kuwa saura taku biyu in yi nasarar da na shekara ina jira. Hakan ta taɓa faruwa, kuma har yau abokina yana cewa shi bai ga wata nasara ba.

Iyayenmu ba su da wannan matsala tamu. Dattawan unguwarmu sukan haƙa gurabe 30 a ƙasa, kowa ya ɗebi 'ya'yansa 12, wannan tsinke wancan tsakuwa, a yi ta dara ana ba'a ana kirari har inuwa ta juya. A cikinsu akwai alƙali mai ritaya, akwai mahauci, akwai mai gyaran keke, kuma mahaucin ne ke cinye su duka. Ban taɓa jin an tambayi alƙalin me dara ta ƙara masa ba. Mu ne da muka yi digiri muka koma ba ma iya zama wuri ɗaya sai da dalilin da za a iya rubutawa a takardar neman ƙarin girma. Muna fita daga aji mu shiga taro, mu fita taro mu hau duba takardun jarrabawa, ga yajin aiki ga bashin albashi, sannan a haɗu a layin asibiti ana gwada hawan jini ana yi wa juna jaje. Shi kansa Carlsen, bayan ya riƙe kambin duniya tun 2013, sanarwa ya yi a 2022 cewa ba zai sake kare shi ba don abin ya daina ba shi sha'awa, ya ci gaba da buga wasannin da ransa ke so. Tun 1997 da kwamfutar Deep Blue ta doke Garry Kasparov aka san inji ya sha gaban ɗan Adam a wannan fage, yau kuwa wayar da ke aljihun ɗalibina za ta lallasa zakaran duniya. Duk da haka mutane ba su daina wasan ba, sai ma ƙaruwa da suka yi. A Disambar 2024 an ga Victor Wembanyama, dogon Bafaranshen nan na ƙungiyar San Antonio Spurs, zaune a wani lambu na New York cikin yayyafi yana karawa da duk wanda ya zo, ana cin sa yana ci.

Game da takardun da Malam ya ce in rubuta, ina rubutawa, kuma zan ci gaba. Awa biyu na yammacin Alhamis ba su ne suka tsaya tsakanina da kujerar farfesa ba, shi ma ya sani, don ya fi ni sanin yadda ake jiran amsar masu tantancewa.

A zangon da ya wuce na cire 'yata daga darasin. Ban ce mata komai ba, na dai bar allon a buɗe a kan tabarma a falo, da 'ya'yansa a jere. Ya yi sati uku babu wanda ya taɓa shi sai ƙura. Ran nan na dawo daga masallaci na tarar an tura farin dakare taku biyu, ba kowa a wurin. Na tura nawa na wuce ɗaki. Da safe na ga an fito da doki. A haka muka yi kwana tara muna wasa ɗaya ba tare da mun zauna tare ba, har ranar da na ajiye wazirina a inda na saba ajiye shi. Ina cikin ɗaki na jiyo haniniya daga falo.